Yadda Muka Canja Wa Kwamfutarmu Rumbu

A wannan fitowa ta mujallar makarantarmu ina so in ba ku labarin wani aiki da na koya a hutun ƙarshen shekara ta 2025, watau canja wa tsohuwar kwamfuta ma'ajiyarta, da sake ɗora mata babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na san gidaje da yawa a ƙasar Rano da Kibiya suna da irin wannan kwamfuta a jingine a bayan akwati, ana cewa ta mutu, alhali kuwa da ranta. Dalili na biyu kuma, a cikin aikin nan saura ƙiris in jawo wa gidanmu hasarar da kuɗi ba su iya mayarwa, ba na kuwa so wani ya faɗa ramin da na kusa faɗawa.

Kamar yadda kowa ya sani, tun shekara ta 2013 hukumar JAMB ta fara yin jarrabawar shiga jami'a da kwamfuta, daga 2015 kuwa ta bar takarda da fensir gaba ɗaya. Ita ma hukumar WAEC ta soma gwada haka ga masu zana jarrabawa daga waje a cikin 2024. Saboda haka duk yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, zai shiga ɗakin jarrabawa da tsoro biyu, na tambayoyi da na na'ura. Wannan ne ya sa Babanmu, wanda manomi ne a Kibiya, ya sayar da gyaɗarsa bayan kakar 2024, ya hau mota ta Rano da Bunkure har birnin Kano, ya sayo wa Yayata kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, irin wadda a ke kira tokumbo. An ƙera ta tun 2013, watau ta girme ƙanena na biyu, amma sa'ad da ta zo lafiyarta ƙalau.

Ba a daɗe ba ta zama ta kowa. Yaya tana gwajin tambayoyin jarrabawa a kanta. Baba yakan sa ta rubuta masa lissafin bashin taki na ƙungiyarsu ta manoma. Har wa yau akwai muryar Kakarmu, wadda Yaya ta ɗauka da waya har sau shida tana ba da tarihin gidanmu, sa'an nan ta juye a kwamfuta don wayar ta cika. Kaka ta rasu da daminar 2025, Allah ya jiƙanta.

Da na koma gida hutu sai na tarar kwamfutar ta canja hali. In an kunna ta sai ta yi kusan minti huɗu kafin ta buɗe. Tana cikin aiki sai ta ƙame, kuma in ka kasa kunne sai ka ji wani ƙas-ƙas-ƙas a cikinta. Wani maƙwabcinmu ya ce a yar da ita a huta. Baba bai ce kome ba, amma na ga yadda ya ke kallonta, na kuwa san gyaɗar shekara guda ya ke gani. Sai Inna ta ce in kai wa ƙanenta, wanda ke da shagon gyaran wayoyi da kwamfuta a Rano.

Kawu ya kunna ta, ya kara kunnensa a jikinta, ya yi shiru. Na ce, "Kawu, ta mutu ko?" Ya ce, "Ba ta mutu ba, ɗana. Rumbunta ne ya tsufa. Zauna ka gani, yau da hannunka za ka yi aikin nan."

To, kafin in ci gaba, bari in bayyana abin da ya ke nufi da rumbu, gama wanda bai gane wannan ba ba zai gane sauran ba. Kwamfuta kamar gidan manomi ta ke. Akwai mai aiki, watau ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Akwai tabarmar da a ke baza kayan da a ke aiki da su a lokacin, ita ce a ke kira ram, kuma da zarar an kashe wuta sai a kwashe kome daga kanta. Akwai rumbu, watau ma'ajiyar da hotuna da rubuce-rubuce ke zaune a ciki ko an kashe ko ba a kashe ba. Sa'an nan akwai babbar manhaja, irin su Windows ko Linux, wadda ita ce kamar maigida, ita ke cewa wane yi kaza, wane ɗauko kaza. Abin lura shi ne, shi maigidan nan a cikin rumbun ya ke kwana. Don haka in ka sa sabon rumbu, fanko ne, babu kayanka, babu kuma maigida. Dole ka sake shigo da su duka biyu.

Rumbu irin na da, faifai ne na gaske a ciki, mai kama da faifan garmaho, da ɗan hannu mai karatu da rubutu a kansa. Na kwamfutar tafi-da-gidanka yawanci yakan juya sau 5,400 a minti guda, watau sau 90 a kowace daƙiƙa. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da irinsa a cikin 1956. Wancan na fari faya-fayai 50 ne a jere, faɗin kowanne inci 24, nauyinsa wajen tan guda, abin da ya ke ɗauka kuwa bai wuce haruffa miliyan biyar ba. Na cikin kwamfutarmu bai kai tafin hannuna ba. Amma fa duk abin da ke juyawa yana cin jikinsa, kuma tsakanin hannun nan da faifan akwai tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. In an bugi kwamfuta ko an ɗauke ta da ƙarfi tana cikin aiki, sai hannun ya karci faifan, wurin ya lalace. Ƙarar da na ke ji, hannun ne ke ta kai da kawowa yana neman karanta wurin da ya ƙi karantuwa.

Sabon rumbun da Kawu ya miƙo mini shi ne masu gyara ke kira SSD. Babu abin da ke motsi a cikinsa, irin ƙwayoyin da ke cikin filashi da waya ne. Ba ya ƙara, ba ya tsoron girgiza, ba ya shan batir da yawa. Inda tsohon ke karanta kamar megabait 100 a daƙiƙa, shi yakan kai 500. Wanda muka saya mai gigabait 256 ne, watau ya fi wancan na 1956 ɗauka fiye da sau 50,000, kuɗinsa kuwa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin sayen wata kwamfutar ba. Kawu ya gargaɗe ni da abu biyu game da saye. Na ɗaya, a duba bakin da kwamfutar ke karɓa tukuna. Irin tamu tana karɓar mai faɗin inci biyu da rabi, mai bakin da a ke kira SATA, amma na baya-bayan nan da yawa siririya su ke karɓa mai kama da sandar cingam, wadda a ke kira M.2. Na biyu, a sayi sabo a wurin wanda a ka amince da shi, gama akwai jabu wanda za a rubuta masa babban adadi a jiki alhali cikinsa ɗan kaɗan ne.

Yanzu ga yadda aikin ya gudana, daki-daki.

Mataki na farko shi ne kwashe kaya. Kawu ya ba ni wata ma'ajiya ta waje, ya ce in juye duk abin da gidanmu ke bukata. Na buɗe jakar takardu, na kwafe ta, na kwafe ta hotuna, na ga lissafin Baba ya shiga, sai na ce na gama. Kawu ya ce, "Ka tabbata?" Na ce, "Na tabbata, Kawu." Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Mataki na biyu shi ne zaɓen babbar manhajar da za a ɗora. A nan sai da muka yi shawara. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun ran 14 ga Janairu 2020, ya kuma daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, sai dai a lokacin ya ba da ƙarin wa'adi zuwa Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista. Ma'anar daina kulawa ita ce, in ɓarayin intanet suka gano wata kafa, ba za a ƙara aiko da abin toshe ta ba. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, tana bukatar wani ɗan makulli na tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa ta wajen 2017 zuwa sama, saboda haka tamu ba ta cikin lissafi. Akwai kuma Linux, wadda wani ɗalibin jami'a a Helsinki ta ƙasar Finland, mai suna Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991. Kyauta ce, tana da iri-iri, kamar Ubuntu wadda Mark Shuttleworth mutumin Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, da kuma Linux Mint. Tsofaffin kwamfutoci suna jin daɗinta ƙwarai. Kawu ya ce kada in tambayi wadda ta fi kyau, in tambayi aikin da za a yi. Manhajar gwajin jarrabawa da Yaya ke amfani da ita a kan Windows kaɗai ta ke tafiya, kuma a gidanmu ba safai a ke haɗa kwamfutar da intanet ba. Don haka muka tsaya a kan Windows 10, da sharaɗin ba za a yi harkar banki a kanta ba, in Yaya ta gama jarrabawa kuma a koma Linux Mint.

Mataki na uku shi ne shirya filashi. Ana bukatar mai gigabait 8 ko fiye, a sa masa babbar manhajar ta yadda kwamfuta za ta iya tashi daga kansa. Ba kwafe ta kawai a ke yi ba, akwai 'yar manhaja ta musamman, kamar wadda Microsoft ke bayarwa ko wata mai suna Rufus. A sani fa, wannan aiki yana share duk abin da ke cikin filashin. A kuma ɗauko manhajar daga shafin masu ita, gama wadda a ke yawo da ita hannu da hannu sau da yawa an cusa mata cuta.

Mataki na huɗu shi ne buɗe ciki. A kashe kwamfutar sarai, a zare caja, a cire batir, a danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don sauran wutar da ke ciki ta fita. Sa'an nan Kawu ya sa na taɓa ƙarfen ƙofar shagonsa. Na yi dariya, na zaci tsokana ce. Ya ce, "Ba ka taɓa ganin tartsatsi ba in ka ja bargo da dare lokacin hunturu?" Na ce na sha gani a ɗakin kwananmu na makaranta. Ya ce wutar nan da ke taruwa a jikin mutum in iska ta bushe, ta isa ta ƙona ƙwayar da ke cikin na'ura ba ka ko ji ba. Muna kuwa tsakiyar hunturu. Na kife kwamfutar a kan tsumma mai tsabta, na kwance murfin da ƙaramin sukudireba, ina jera notuna a kan takarda yadda na ciro su, gama tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo in ya shiga ramin gajere yana iya huda abin da ke ƙarƙashi. Na ɗauki hoto da waya kafin in taɓa kome. Na ja tsohon rumbun a kwance, ya zare daga bakinsa, na kwance shi daga ɗan gadonsa na ƙarfe, na ɗaura sabon a gurbinsa, na tura a hankali har ya zauna. Duk abin da ya ƙi shiga da lallami, to, an juya shi ne, ƙarfi ba ya cikin aikin nan.

Mataki na biyar shi ne ɗora manhaja. Na mayar da batir, na sa caja, na soka filashi, na kunna ina danna maɓallin da ke fito da jerin wuraren tashi. Wannan maɓalli ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wata F12, wata F9, wata Esc. Na zaɓi filashi, na zaɓi harshe, har a ka zo inda a ke tambayar wurin da za a ɗora. Nan ne mutane da yawa ke kuka, gama in akwai rumbu biyu a haɗe, mutum kan zaɓi wanda ba shi ba ya share kayansa. Don haka Kawu ya ce a cire ma'ajiyar waje, a bar sabon rumbu shi kaɗai. Ya kuma ce kada a fara sai batir ya cika ko akwai wuta tabbatacciya, domin in ta ɗauke a tsakiya sai an koma fari. Shagonsa da hasken rana ya ke aiki, saboda haka ba mu sami matsala ba. Cikin rabin sa'a an gama. Da muka haɗa ta da intanet sai ta ɗauko 'yan manhajojin da ke sa lasifika da allo su yi aiki daidai, lasisinta kuma ya komo da kansa, gama a jikin kwamfutar ya ke ɗaure, ba a rumbu ba. Na kashe, na kunna, ina duban agogo. Daƙiƙa 22 ta buɗe.

Murna ta kama ni. Na ɗauki tsohon rumbun na ce, "Kawu, bari in wanke wannan mu sayar wa wani, ko kuɗin mota ma samu." Ya karɓe daga hannuna ya ce, "Abu biyu ka faɗa, duka ba su yi ba. Sayar wa mutum abin da ka san ya lalace cin amana ne. Sa'an nan a gidanku ka taɓa ganin an rushe tsohon rumbu kafin a auna hatsin da a ka juye a sabo?" Ya naɗe shi a takarda, ya rubuta kwanan wata, ya sa a aljihun tebur, ya ce sai bayan mako biyu.

Na koma Kibiya ina taƙama. Baba ya ga lissafinsa, ya sa mini albarka. Bayan sallar isha'i Inna ta ce wa Yaya ta kunna mata muryar Kaka. Yaya ta duba nan, ta duba can, ta ɗago kai ta ce, "Ina jakar da na ajiye a kan allo?" Jama'a, sai na ji kamar an kwara mini ruwan sanyi. Ashe ba a jakar takardu ta sa su ba, a fuskar allo ta ajiye su, ni kuwa ban tambayi kowa ba, ban kuma duba ba. Inna ba ta yi mini faɗa ba, ta dai tashi ta shiga ɗaki. Daren nan ban runtsa ba.

Da sassafe na hau babur zuwa Rano. Kawu ya buɗe aljihun tebur bai ce mini uffan ba. Ya sa tsohon rumbun a wani ɗan kwanso mai waya, ya haɗa da kwamfuta. Ya yi ta ƙas-ƙas, ya bayyana, ya ɓace, ya sake bayyana. Muka yi ta kwafe muryoyin ɗaya bayan ɗaya, muna barinsa ya huce a tsakani, tun hantsi har la'asar. Biyar suka fito lafiya. Ta shida ta faɗa daidai wurin da faifan ya karce, rabinta kaɗai muka samu, kuma a ɗaya rabin ne Kaka ke lissafa sunayen kakanninta. Wannan ya tafi ke nan. Da na wanke rumbun kamar yadda na so, da dukansu sun tafi.

Akwai wani abu kuma da muka gani a ranar. Sa'ad da Kawu ke laluben faifan da wata manhaja mai tono abin da a ka share, sai ga hotunan wasu Turawa da 'ya'yansu, da takardun mai kwamfutar na fari. Nan da nan ya rufe, ya ce ba namu ba ne. Ya bayyana mini cewa sharewa ta yau da kullum suna kaɗai ta ke cirewa daga jeri, abin yana nan sai an rubuta wani a kansa. Saboda haka duk wanda zai sayar da kwamfuta ko waya, ya tabbata an goge ta gogewa ta sosai. Namu tsohon rumbun kuwa, bayan mako biyu da kowa ya duba kayansa ya ce sun cika, Kawu ya buɗe shi ya farfasa faifan da guduma.

To, 'yan'uwana, ga abin da na ke so mu riƙe. Kafin a taɓa noti ko ɗaya, a tara duk masu amfani da kwamfutar, kowa ya faɗi abin da ya ajiye da inda ya ajiye shi, a rubuta a takarda. A duba fuskar allo, da jakar abubuwan da a ka sauko da su, da ta hotuna, da ta sauti. Bayan an kwafe, a buɗe kwafin a gani da ido, a ji da kunne. A ajiye tsohon rumbu sai kowa ya gamsu. Kada kuma a ce tun da an sa SSD an huta, gama shi in zai mutu ba ya yin ƙarar gargaɗi, rana ɗaya kawai za a kunna a ga wayam. Duk abin da ba a iya sake samu, a ajiye shi wuri biyu ko uku. Muryar Kaka yanzu tana kwamfuta, tana filashi a akwatin Inna, tana kuma wurin Kawu a Rano.

Ga iyayenmu kuma ina roƙo, in kwamfutar gida ta fara nauyi, kada a yi saurin yanke mata ƙauna, a kai ta wurin wanda ya sani ya duba, a kuma bar yaro ko yarinya su tsaya su ga yadda a ke yi. Ga malamanmu, da za a ba ƙungiyar kimiyya ta makaranta ko da kwamfuta ɗaya daga cikin waɗanda suka daina aiki, da mun koya wa juna wannan sana'a da hannu.

Ranar da zan komo makaranta na bar Yaya a zaure tana gwajin tambayoyin lissafi, Baba na gefe a kan buzunsa yana tambayarta maki nawa ta ci. Allah ya ba ta sa'a, ya ba mu ilimi mai amfani, ya saka wa iyayenmu da alheri, amin.